Ina neman kwafin hukuncin wata ƙaramar kotu a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Wani abu ne ya cije mini.

A 2016, ina aiki a wata mahauta a karkarar jihar Nebraska, ɗan sanda ya tare ni da lasisin tuƙi da ya ƙare. Na je kotun gundumar, na biya tara, magana ta mutu. Yanzu ina cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa, sai lauyata ta ce in kawo kwafin hukuncin mai hatimin kotu.

Na duba PACER, shafin intanet na neman bayanan shari'o'i, ashe shari'o'in kotunan tarayya kaɗai ke ciki, tawa kuwa ta jiha ce. Sau uku ina kiran ofishin magatakardar kotun. Baiwar Allah ita kaɗai ce a wurin, ta ce sunana bai fito a kwamfuta ba, sai in ba ta lambar shari'a. Takardar da ke ɗauke da lambar kuwa ta ɓata tun da na koma jihar Ohayo. Ina zargin sun rubuta sunana ba daidai ba, sun saba.

Ana iya nemowa da ranar haihuwa ko lambar lasisi? Ko ofishin ɗan sandan da ya rubuta tikitin zan tuntuɓa? Tafiyar ta fi awa 10 a mota, ga aiki. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya nuna mini hanya.