Kiwon tsutsar dusa don kaji, ta ina zan fara?

Maman Halifa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya taɓa kiwon tsutsar nan ruwan ɗorawa da ake kiwo cikin dusa ana ba kaji? Ina da 'yan kajin Hausa da zabbi a bayan gida, kuɗin abincin kaji ya isheni wallahi, buhu kullum ƙara hawa yake. Na ga wata a Facebook tana kiwonsu cikin roba tana cewa ba wari ba wahala. Abin da nake son sani, mi ake zuba musu, wata nawa kafin in fara ɗiba, kuma suna jure zafin garin nan namu? Maigida dai ya ce in dai ba tsutsar ƙazanta ba ce ba ruwanshi.

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar wa Alhaji da hankali, wagga ba irin ta shara ko ta masai ba ce, ɗiyan wani baƙin ƙwaro ce da ke rayuwa cikin hatsi, dusa take ci kuma cikinta take kwana.

Ki samu baho na roba mai santsi daga ciki, ba su iya hawan santsi. Ki zuba dusa tsayin yatsu uku ko huɗu, ta alkama ta fi, in babu ta masara ma tana yi. Ta shinkafa da muke da ita nan a banza ana iya haɗawa amma ki tabbata dusa ce mai laushi ba buntu ba, buntu ba abinci ba ne. Murfi ki huda shi babba ki ɗaure da yankin gidan sauro don iska. Ki yayyaga kiret ɗin ƙwai na kwali ki aza sama, suna son duhu da wurin ɓuya.

Ruwa kuma kada ki kuskura ki aje musu a kofi, nutsewa suke kuma dusar ta jiƙe ta yi fumfuna. Yankan karas ko dankali ko ganyen kabeji shi ne ruwansu, bayan kwana ɗaya ko biyu ki kwashe ragowar ki sa sabo.

Batun lokaci, sai kin yi haƙuri. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin sati ɗaya zuwa biyu in da ɗumi, tsutsar ta yi wata biyu zuwa uku tana girma tana saɓa fiye da sau 10, sannan ta sanƙare ta yi fari kamar ta mutu, ba ci ba tafiya, sati ɗaya zuwa uku, sai ƙwaro ya fito. Da fari yakan fito fari-fari, ya koma ja, sannan baƙi. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai ɗaruruwa kafin ta mutu. To ki lissafa, wata uku zuwa huɗu kafin ki ga naki na gida sun isa ɗiba, kuma na farkon da kika saya kada ki ba kaji, su ne iri.

Injiniya Gusau:
Duk abin da Malam ya faɗi haka yake, amma tambayarta ta uku ita ce babba kuma ya tsallake. Wannan tsutsa ta fi son zafi 25 zuwa 28 a ma'auni. Da ya haura 35 sai su fara baƙi suna mutuwa, musamman sanƙararrun. Mu kuma daga Maris zuwa Mayu 40 muke gani har da ɗoriya, ɗakin kwano da azahar kuwa ba a magana. Masu bidiyon nan da yawa a Turai da Amurka suke, su matsalarsu sanyi, mu tamu wuta.

Shawarata Hajiya kada ki fara da bazara ko da kyauta anka ba ki. Ki bari ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, kafin zafi ya dawo kin gane kansu kuma sun yi yawa, ko rabi ya tafi kina da iri. In bazara ta zo ɗakin ƙasa ya fi, a ƙasa kusa da randa, ki rage yawansu cikin kowace roba don in sun cunkushe su kansu zafi suke haifarwa, ki rage kaurin dusa, ki ƙara karas. Da hunturu kuma iska ce ke busar da su, karas ɗin safe kafin la'asar ya zama ƙirgi, sai an riƙa dubawa.

Ni gaskiya wanda ke son ya rage buhun abinci sosai, tsutsar baƙin ƙudan soja ta fi dacewa da ƙasarmu, ta fi jure zafi kuma cikin sati biyu zuwa uku ta isa. Sai dai ita da ragowar abinci mai danshi ake kiwonta, akwai ɗan wari, ban san ko Alhaji zai lamunta ba lol.

Maman Halifa, Birnin Kebbi:
Kai na gode ƙwarai. Ƙuda kam a'a, za a kore ni da ni da robar. To roba ɗaya ta isa? Kuma in sun yi yawa zan iya barin sayen abinci gaba ɗaya?

Anty Jega:
A'a 'yar uwa, uku za ki tanada. Ƙwarin na cin ƙwansu kuma suna cin sanƙararrun, har tsutsar ma tana taɓa su in ta rasa danshi. Ɗaya ta tsutsa, ɗaya ƙarama ta sanƙararru da za ki riƙa tsincewa da cokali, ɗaya ta ƙwari. Duk sati biyu ki tsame ƙwarin ki maida su sabuwar dusa, tsohuwar kada ki zubar ko da kin ga kamar ba komi, ƙwai ne cike ciki ido bai cika ganinsu ba.

Abin da ba wanda ya ambata, cinnaka da tsaka da ɓera. Cinnaka dare ɗaya suna gamawa da roba guda. In bisa tebur kika aza, ki sa ƙafafunsa cikin gwangwani da ruwa ko baƙin mai. Sannan ki tambayi mai dusa ko an sa wa hatsin maganin ƙwari, in an sa fiya-fiya ko makamancinsa to kin kashe su da kuɗinki. Ni nakan shanya dusar a rana mai zafi sosai ta huce kafin in zuba, saboda ƙananan ƙwarin da ke zuwa cikinta. Kuma kada ki kwaso baƙaƙen ƙwarin da ke ƙarƙashin shimfiɗar gidan kaji ki ce iri kika samu, suna kama amma wani jinsi ne ƙarami, yana ɗaukar cuta.

Barin abinci kuma ba ya yiwuwa. Busasshiyarta kusan rabi furotin ce amma mai ya yi mata yawa kuma ba ta da isasshen sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai, in kika cika musu sai kaji su yi kitse ƙwai ya ragu. Ɗan barbaɗe ne, yadda iyayenmu ke haƙo wa 'yan zabbi gara. 'Yan tsaki ki zaɓar musu ƙanana ko farare waɗanda sunka yi saɓa yanzu, sun fi laushi.

Ɗan Argungu:
Ƙari kaɗan, garin da ke taruwa ƙasan roba kashinsu ne, ki tankaɗe da rariya ki zuba ma alayyahu ko tumatir, taki ne mai kyau. Amma ki ɗaura takunkumi a hanci kuma ki yi a waje, ƙurar na tada ma wasu atishawa da asma. Hajiya rariyar dabam za ki saya hwa, ba ta tuwo ba.