Maƙwabciyata ta gayyace ni tsallakar da kwaɗi titi, in amsa?

Sadiku_Jamus: Salam 'yan'uwa. Wata dattijuwa maƙwabciyata 'yar ƙungiyar NABU ce, masu kare muhalli a nan Jamus. Daga ƙarshen Fabrairu suke kafa gajeren shinge a bakin titin daji, su binne bokitai a gindinsa. Kwaɗi da salamanda (wata halitta mai kama da ƙadangare) da ke komawa tafkin da aka haife su don yin ƙwai sai su faɗa ciki, da asuba a kwashe su a tsallakar. Ta ce in riƙe safiya biyu a mako. Ga azumi ya zo, ina shiga aiki ƙarfe 8. Wa ya taɓa haɗa biyun?

Maman Hanan: Ni na yi a Ingila, amma mu da daddare muke fita da tocila. Kusa da Bath har titin Charlcombe Lane ake rufewa makonni shida saboda su. In an yi yayyafi kuma sanyi ya sassauta ya haura digiri 5, sai ka ga namiji ya ɗare bayan macen, ita ke ɗauke da shi har ruwa. Yarana sun fi ni ɗoki.

Baban Yara: Wane kwaɗon? Na zogale ko na ƙofa? In na zogale ne a sa ni a layin buɗa-baki.

Hajiya Turai: Ɗana, ji nawa tukuna. Shekara biyu na yi musu a wani ƙauye. Ranar nan hazo, ba a ba ni riga mai ƙyalli ba, wai sun ƙare. Ina sunkuye kan bokiti wata mota ta zo a guje, na ja baya na zame cikin kwata, wuyan hannuna ya karye. Direban ko waiwaye. Da aka zo maganar inshora, ashe sunana ba ya cikin rajistarsu. Wata biyu ban ɗaga ko tukunya ba, mutum ɗaya ne cikinsu ya leƙo ni. Har yau in sanyi ya shigo hannun nan sai ya tuna min.

Sadiku_Jamus: Subhanallahi. Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Injiniya: Ka tabbatar an rubuta sunanka kafin ka taka titin. Takalmin roba Yuro 15 na saya, rigar kuwa akwai a kowace mota. Ka riƙa wanke takalmin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai naman gwari Bsal da ya kusa ƙarar da salamanda a Holan, ya kuma shigo yankin Eifel na Jamus. Ka sa ɗan kara a bokitin don ɓera ya samu hanyar fita.

Maman Hanan: Na 15 ɗin mako guda zai sha ruwa. Nawa fam 40, shekara huɗu ke nan.

Malam Ɗanladi: A Sunan Abu Dawud, wani likita ya tambayi Annabi (SAW) kan sa kwaɗo a magani, ya hana shi kashe shi. Aikin lada ne, ka yi sahur ka fita.

Hajiya Turai: Malam, kai daga Kano kake magana, ka taɓa tsayuwa bakin titi cikin ƙanƙara da azumi a baki?

Malam Ɗanladi: Hajiya, ai hadisi ba ya canzawa da yanayi.

Injiniya: Matsalar duk direbobi ne. An ce a sauko zuwa kilomita 30 a awa saboda kwaɗin. Wa ke saukowa?

Hajiya Turai: Ko gaban masallacinmu ba sa saukowa. Bara bayan tarawihi saura ƙiris a kwashe jikata. Mun rubuta takarda sau uku a sa mana fitilar tsallakawa, shiru.

Baban Yara: Mu ma tamu takardar tun bara. Hajiya, hannu nawa kuka tara a taku?