Bayan ƙyanda ta warke, me ya sa yaro ke ta ciwo?

Mai buɗe zancen: Assalamu alaikum. Ɗana ya yi ƙyanda yana da wata takwas, saura wata guda a yi masa allurarta. Ƙurajen sun bushe, fatar ta saɓule kamar dusa, na ɗauka an wuce wurin. Amma tun daga nan, yau gudawa, gobe kunne yana ruwa, sau biyu kuma aka kwantar da mu saboda namoniya, alhali babu allurar da ta taɓa wuce shi. Wanda ya ga irin wannan ya taimaka mana da bayani.

Wani uba: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Haka 'yata ta yi, sai da ta kusan shekara biyu kafin ta daina yawan kwanciya. Likita ya ce mini ƙwayar ƙyanda takan shiga cikin ƙwayoyin jini masu riƙe tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, ta hallaka da yawansu, sai jiki ya manta abokan gabar da ya sani, har da wasu da allura ta koya masa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, likitan ya faɗi gaskiya. A binciken da aka wallafa a 2019 kan yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba su da rigakafi, an gano ƙyanda ta share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in garkuwar da ke jininsu, ba a kuma ga wannan ɓarna ga yaran da aka yi wa allurar ba. Dalilin jiran wata tara kuwa, jariri yana zuwa da garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa, wadda kan kashe ƙarfin allurar idan aka yi ta da wuri, ita ma kuma tana raguwa wata bayan wata. Tsakanin nan ne yara irin naki, Yaya, suke faɗawa, kuma su ne na fi tausayawa a ɗakinmu. An ba shi bitamin A sau biyu lokacin ciwon?

Wata uwa: Ni da hannuna na ɗage ranar allurar 'yata har sau uku saboda mura, ina tsoron kada abin ya yi mata yawa. Ƙyandar ta riga mu. Daga baya aka gaya mini cewa mura mai sauƙi ba ta hana allura, har yau kuma abin yana damuna.

Mai buɗe zancen: Na gode, Allah ya saka da alheri. Sau ɗaya aka ba shi bitamin ɗin. Ranar Litinin zan koma da katinsa a duba mini.