Mai teburin tambaya a laburare, ta ina ake samun ƙarin girma?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen amsa tambayoyi na laburaren wata jami'a. Ɗalibin digiri na biyu zai zo hannu rabbana, in zauna da shi har mu gano mujallun da yake nema a intanet. Amma lokacin ƙarin girma, maƙalun da na wallafa kawai ake ƙirgawa. Ina mafita?

Dattijon Samaru: Wa alaikumus salam, 'yata. Tunda ma'aikacin laburare a jami'a yana sahun malamai, dole ki yi rubutu. Tambayoyin da ake kawo miki ai bincike ne. Ki riƙa rubuta su a littafi: wane sashe, me aka nema, me aka rasa. Daga nan maƙala za ta fito.

Ɗan Gwale: Hajiya, kin yi rajista da LRCN, hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista a Najeriya? Dokar 1995 ce ta kafa hukumar. Ki shiga NLA ma, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, tana taro duk shekara. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin zuwa taro, sai dai layin da tsawo.

Maman Ilham: Na gode, Baba. Rajistar ina da ita, littafin ne zan buɗe ranar Litinin in Allah ya yarda.