Gidauniyoyin attajiran Amurka: taimako ko wanke suna?

Sani: Ina nan kan bakana, manyan gidauniyoyin Amurka don wanke suna aka kafa su. An kafa ta Rockefeller, attajirin man fetur, a 1913. Shekara na zagayowa aka kashe mata da yara a sansanin masu yajin aikin haƙar kwal a Ludlow, jihar Kolorado, kuma iyalinsa ne ke da iko da kamfanin. Wanda ya tauye haƙƙin lebura, da wace fuska zai ce tausayin talaka yake ji?

Hajiya Binta: Malam Sani, ban musa maka Ludlow ba. Amma tun 1909 Rockefeller ya ware dala miliyan ɗaya don yaƙi da tsutsar ciki a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Yaron da ya sha magani ya warke, ya warke, ko mece ce niyyar mai bayarwa.

Sani: Hajiya, to wa ya zaɓi cutar da za a yaƙa? Mai kuɗin. Talaka bai da ta cewa. Carnegie, attajirin ƙarfe, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500, amma a 1892 kamfaninsa ya murƙushe ma'aikata a masana'antarsa ta Homestead saboda rigimar albashi.

Aminu: Yaya Sani, ka yi musu kuɗin goro. Attajiri Julius Rosenwald fa? Shi da Booker T. Washington, malami baƙar fata, suka fara, aka gina makarantu kusan 5,000 don 'ya'yan baƙar fata. Sharaɗinsa shi ne mutanen gari su kawo nasu, hukuma ta sa hannu. Abin da baƙar fatar suka tara ma ya ɗara na asusunsa. Ya kuma ce a kashe dukiyar kaf, kada ta dawwama, aka rufe asusun a 1948.

Sani: Wannan na yarda ya fita daban. Sauran kuwa ƙanƙame dukiya suka yi suna cin sassaucin haraji, sai da majalisar Amurka ta yi dokar 1969 ta tilasta musu fitar da kaso duk shekara.

Hajiya Binta: Ka ga ashe gyaran doka ake bukata, kuma an yi. Gidauniyar Ford da ta Rockefeller ɗin nan su suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, irin wake da masarar da ta inganta har gonakinmu sun iso.

Sani: Sun iso, Hajiya. Amma kwamitin da ke yanke inda kuɗin za su je a New York yake zama, kuma babu manomi a cikinsa.