Wurin da aka sa wa Baba batirin zuciya ya kumbura, ku ba ni shawara

Ɗiyar Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu shekararsa 76. Tun bara yake yanke jiki ya faɗi, muka yi ta rubutu da hayaƙi muna zaton iska ce. Yayyena maza kowa ya noƙe, sai da aka sayar da gona kafin aka kai shi babban asibiti, aka ce bugun zuciyarsa 34 a minti. An sa masa batiri a ƙirji, ƙasan ƙashin wuya na hagu, yau kwana 9. Yanzu wurin ya tashi kamar ƙwan kaza, ya yi baƙi-baƙi. Mai kemis ɗinmu ya ce zai zuƙe da sirinji. Ina gasa masa da ruwan zafi, na kuma ɗaure hannun da gyale. Ranar komawa saura mako biyu, garin da nisa.

Nas ta Ɓangaren Zuciya: Wa alaikumus salam. Kada allura ta taɓa wurin nan, ko waye zai yi. Da alama jini ne ya taru a aljihun da aka yi wa na'urar ƙarƙashin fata. Allura tana shiga, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, kuma idan suka kama batirin, maganin sha ba ya kashe su. Sai an cire na'urar da wayoyinta gaba ɗaya, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, sannan a dasa sabuwa a ɗaya ɓangaren. Ki daina gashin ma, zafi yana ƙara zubar jinin. Ba ki faɗa mana ba: yana shan maganin tsinka jini, kamar warfarin, aspirin ko clopidogrel? Akwai zazzaɓi? Ɗinkin yana fitar da ruwa?

Baban Khalifa: Ba sai an tayar mata da hankali ba. Ƙaramin tarin jini jiki ne ke shanye shi cikin 'yan makonni. Ki zagaye kumburin da biro, ki ɗauki hoto safe da yamma. In bai tsallake layin ba, ku jira ranarku. In yana shan maganin tsinka jini a dakatar kwana uku.

Nas ta Ɓangaren Zuciya: Malam, biron daidai ne, dakatar da magani kuwa a'a. In don bugun zuciya mara tsari aka ba shi, tsayarwa kai tsaye na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitan da ya rubuta shi ne zai rage, bayan gwajin INR, na auna tsinkewar jini, idan warfarin ne. Kumburin da ya kai haka kuma ba na jira ba ne, yana iya buɗe ɗinkin.

Injiniya: Laifin asibitocin nan ne. A karɓi miliyoyi, a sallami tsoho da takarda cikin Turanci, ba mai zama ya yi bayani. Injin duba batirin ma kowane kamfani da nasa, ba kowane asibiti ke da shi ba. 'Yar uwa, ki adana katin na'urar. Wayar salula kada ta zauna a aljihun gaban riga, tazarar santimita 15, ya amsa da kunnen dama. Janareta mai aiki ya ba shi aƙalla santimita 60, wajen walda kuwa kada ya matsa.

Ɗiyar Malam: Yana shan wani ƙaramin magani da yamma, ban riƙe sunan ba. Zazzaɓi babu. Mai kemis ɗin nan fa ba baƙo ba ne, shi ke duba mu tun muna yara. Hannun kuma 'yan asibitin ne suka ce kada ya ɗaga, Baba ba ya jin magana, shi ya sa na ɗaure. Shaƙuwa ce ma ta fi damunsa tun shekaranjiya.

Nas ta Ɓangaren Zuciya: Ai da shaƙuwar ya kamata ki fara! Wayar da aka zura cikin zuciya tana iya gocewa kafin nama ya kama ta, sai wutar ta riƙa motsa tantanin numfashi, abin da ke jawo shaƙuwa. Ki ƙirga bugun wuyan hannunsa minti ɗaya cif. Yawanci a 60 ake saita na'urar, in kika samu ƙasa da abin da aka saita masa, ko yana jiri, yau za ku tafi. In ma daidai ne, gobe da safe, a yi ECG, wato gwajin bugun zuciya, da hoton ƙirji. Gyalen ki kwance. Abin da aka hana shi ne gwiwar hannu ta wuce kafaɗa da ɗaukar abin da ya kai kilo 5, tsawon mako 4 zuwa 6. Ɗaurewa sandarar da kafaɗa take yi.

Baban Khalifa: Tsofaffi dai suna shaƙuwa ko ba batiri.

Ɗiyar Malam: Na gode. Kuɗin mota kaɗai ba wasa ba ne, kuma sai Yaya babba ya amince. Bari in ji ta bakinsa tukuna.