Neman kalma: me za mu kira "spiritual maturity" da "carnal" a Hausa?

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni.

Na daɗe ina yin tafinta a ikkilisiyarmu duk ranar da baƙo ya yi wa'azi da Turanci. Lahadin da ta wuce mai wa'azi ya ɗauki 1 Korintiyawa sura 3, ya yi ta nanata "carnal Christian" da "spiritual maturity". Da na zo kan ta biyun na ce "balaga ta ruhaniya", yadda na saba ji. Sai na hango matasa a layin baya suna sunkuyar da kai suna taɓa juna. Bayan an tashi, wata Mama daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ni da na aurar da 'ya'ya biyar, yau ake ce mini in balaga?" Ranta ya sosu, kuma gaskiyarta. Wa'azi mai nauyi ya wuce ta saboda kalma ɗaya. Tun ranar abin yake cina.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma a bakin mai wa'azi da tafinta wannan magana har yau ba ta sami mazauni ba. Kowa da abin da yake faɗa.

Balaga abu ne na jiki. Shekaru ke kawo ta, ko yaro ya so ko bai so ba, kuma sau ɗaya ake ƙetare ta. Abin da Manzo Bulus yake nufi kuwa mutum zai iya shekara arba'in da baftisma bai kai shi ba. Na ajiye ta.

Girma fa? Tana da kyau in ana maganar tafiyar, kamar yadda 2 Bitrus 3:18 ta ce mu yi ta girma cikin alheri. Amma a bakinmu girma muƙami ne, shekaru ne, kujerar gaba ce. Ka ce "manya cikin ruhaniya", idon jama'a zai tafi wajen masu manyan riguna. Wannan kuwa shi ne ainihin tunanin da ake so a kawar. Almajirai ma a hanyar Kafarnahum gardamar wane ne babba suka yi. Dattako ya fi kusa, ina kuma ƙaunar kalmar, sai dai tana tafe da furfura, ga shi "dattijo" sunan matsayi ne a ikkilisiya. Timoti matashi ne lokacin da aka ce kada ya bari kowa ya rena ƙuruciyarsa.

Kalmar Helenanci da ake fassarawa "mature" ita ce "teleios", daga "telos", wato ƙarshen da aka nufa da abu. Shi ya sa wasu ke cewa cikakke ko kammalalle. A Matiyu 5:48, inda ake maganar Ubanmu na sama, cikakke daidai ne, kada a taɓa shi. Amma ku duba Filibiyawa sura 3. A aya 12 Bulus ya ce bai riga ya kammala ba, a aya 15 kuma ya sa kansa cikin "teleioi", jam'in "teleios". Tushe ɗaya ne a wurare biyun. Ashe mutum zai iya kaiwa wannan matsayi alhali da sauran tafiya a gabansa. In na ce wa jama'a su zama kammalallu, mai tsoron Allah zai karaya, mai girman kai kuma zai ɗauka da shi ake.

Sai ɗaya kalmar. "Carnal" tana fassara "sarkikos", daga "sarx", wato nama ko jiki. In ka ce "na jiki", tunanin mai sauraro zai tsaya kan zina da shaye-shaye. In ka ce duniyanci, zai tuna bariki da mashaya, wanda bai taɓa fashin sujada ba kuma zai yi ajiyar zuciya ya ce ya tsira. "Halin mutuntaka" da muka tashi muna karantawa a Romawa da Galatiyawa yana nan daram a wurinsa, amma yaran yau a rediyo suke jin "mutuntaka", kuma a can tana nufin tausayi da ganin darajar ɗan Adam.

Ku duba mutanen da aka rubuta wa wasiƙar. Bulus ya zauna shekara ɗaya da wata shida a Korinti yana koya musu. A sura 1 aya 7 ya shaida cewa ba su rasa wata baiwa ba. Masu harsuna suna nan, masu annabci suna nan. Duk da haka ya kira su jarirai masu shan madara, kuma hujjar da ya kawo ita ce kishi da jayayya: wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne. Suna kai juna gaban alƙalan gari. A jibin Ubangiji mai hali ya cika cikinsa, talaka ya koma da yunwa. Sun ɗauko ma'aunin kasuwar Korinti, wa ya fi iya magana, wa ya fi jama'a, sun shigo da shi cikin taron masu bi. Mu ma mun san wannan ma'auni. Mun san zaɓen dattawa da ake yi da lissafin ƙabila. Mun san baikon da hannu ba ya sakinsa sai an tabbatar za a kira suna a lasifika. Mun san mawaƙa biyu da suke rera waƙa ɗaya ba sa gaisawa. Abin yana mini ciwo domin na gan shi a cikin zuciyata kafin in gan shi a wurin wani.

To, ga inda na tsaya. "Maturity" a ce nuna, irin ta ɗan itace da ta abinci. "Carnal" a wannan ma'ana ta 1 Korintiyawa 3 a ce ɗanye. Nunannen mai bi, nunanniyar mai bi, nunannun masu bi. Ɗanyen mai bi, halin kuma ɗanyantaka.

Ba ni na ƙago haɗin ba, Hausa ta riga ta yi rabin aikin. Muna cewa ɗanyen kai, ɗanyen aiki, ɗanyen hukunci, kowa kuma ya san ba maganar nama ake yi ba. Ɗanyen mangwaro mangwaro ne, yana kan reshe, yana da rai. Haka Bulus bai ce Korintiyawa ba na Almasihu ba ne, 'yan'uwa ya kira su. Sai dai wanda ya gatsa su haƙoransa za su mutu.

Abin da ya ƙarasa gamsar da ni shi ne Luka 8:14. Irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro, amma ɗawainiyar duniya da dukiya da jin daɗi suka shaƙe shi, 'ya'yansa ba su nuna ba. Kalmar da Luka ya yi amfani da ita a wurin daga tushen "telos" ɗin nan take. Ga tunanin duniya, ga rashin nuna, a aya ɗaya, daga bakin Ubangiji da kansa. A Markus 4:28 ma ya jera tsiro, sannan zangarniya, sannan cikakkiyar ƙwaya. Yaƙub 1:2-4 kuma ya ce gwaji ne ke haifar da jimiri har mutum ya zama "teleios". Duk wadda ta taɓa ɗora wake a murhu ta san ba ya nuna sai ya sha wuta, ta kuma san ba a sanin ya nuna sai an latsa shi.

Har da kyauta ta zo a ciki: nunar rana. Ɗan itacen da zafi ya canza masa launi alhali cikinsa tsami. Ga kuma ayaba da mangwaron da ake turarawa da sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kansa: waje rawaya, ciki ɗanye. Sabon tuba mai zaƙin baki da aka ɗora kan shugabanci cikin wata shida, wannan nunar rana ce, kuma 1 Timoti 3:6 ta riga ta hana.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Baba Rabaran, ranka ya daɗe, na gode da gyara. Gaskiya ne "ɗanye" ba za ta ɗauki Romawa 8 ba. A can maganar gāba da Allah ake yi, ta fi ƙarfin rashin nuna, don haka halin mutuntaka ya zauna a wurinsa. Ɗanyantaka ta 1 Korintiyawa 3 ce da Ibraniyawa 5 kaɗai.

Ɗan'uwan da ya kawo "ƙosawa", na san manoma suna cewa dawa ta ƙosa, kuma ma'anar ta dace sosai. Amma ɗan birni in ya ji "na ƙosa", gajiya da gundura zai fahimta, ban kuma so a ce mai bi ya ƙosa cikin bangaskiya a ɗauka ya gaji da ita.

'Yar'uwar da ta ce a rubuce za a rikita ta da nuna ta nuni da yatsa, haka ne. A baki ba matsala, domin ta ɗan itace muryarta daga ƙasa take hawa, ta yatsa kuwa daga sama take sauka. A rubuce sai mu riƙa cewa "nuna cikin Ruhu" ko "nunannen mai bi", ba wanda zai ɓata.

Wanda ya ce bayan nuna sai ruɓa, na daɗe ina juya maganarka. Ina ganin ruɓa tana samun abin da ya nuna aka bar shi ba a ci ba. Ibraniyawa 5:12 ta ce wa masu karatunta ya kamata a ce yanzu su ne masu koyar da wasu. Maman da ta tare ni shekara da shekaru tana zaunar da sababbin amare tana sasanta su da mazajensu, ba wanda ya taɓa kiran sunanta daga bagade. Jiya na je gidanta na sake karanta mata ayoyin da sabuwar kalmar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, wannan na ji shi. Da sauran wuta a gabana." Ranar Lahadi mai wa'azin zai dawo ya ƙarasa surar, da "ɗanye" da "nunanne" zan tsaya kusa da shi.